Takalmin Aro a Ƙofar Falon Abba

Ku matso kusa, 'yan uwana masu bin labarin nan, yau ba zan wanke kaina ba. Abin da ya faru ranar Asabar a falon Abbanmu ni na ƙulla shi da hannuna.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, shekaruna ashirin da bakwai, ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti. A can na haɗu da saurayina wata takwas da suka wuce, ya zo da kafaɗa a goce. Mu a sashenmu ba mu cika riƙe sunan majinyaci ba, ciwonsa muke riƙewa, shi ya sa ya zama Mai Kafaɗa a bakin kowa. Kafaɗar ta daɗe da warkewa amma sunan ya bi shi, har yau haka na ajiye lambarsa a wayata.

Sana'arsa damben keji, irin faɗan nan da ake haɗa naushi da kokawa da shuri, a rufe mutum biyu cikin raga har sai ɗaya ya sallama. In kun ji muryarsa ba za ku yarda ba, don sai ka kasa kunne kafin ka ji abin da yake cewa. Abu ɗaya ne ke tona shi: kunnuwansa. Gugar kokawa ta kumbura su ta murɗe, duk wanda ya san wasanni yana gani ya san daga inda aka fito.

Abbana kuwa ya san wasanni fiye da yadda ya san ɗakunan gidansa. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da motsa jiki a makarantar sakandare, har unguwa ta laƙaba masa Malam Mai Usur. Tun da ya yi ritaya talabijin ɗin falo ba ta sake ganin wata tasha ba sai ta wasanni, Umma ta haƙura ta koma kallo a waya. Yana da ra'ayi a kan komai, kuma ba ya jira a tambaye shi. Takalman gudun zamani masu tudun soso a ƙasa, ya ce katifa ce aka ɗaura wa yara a ƙafa don su manta yadda ake taka ƙasa. Sannan yana da wata ɗabi'a da ta sha sa Umma jin kunya: duk baƙon da ya cire takalmi a ƙofar falo, sai Abba ya sunkuya ya juya takalmin ya duba inda ya cinye. Daga nan zai faɗa maka gwiwar da ke damunka, da ƙafar da kake jingina a kanta in ka gaji. Ban taɓa ganin ya kuskure ba.

Na san duk wannan. Ku riƙe shi a ranku, don kada wata ta tausaya min fiye da kima.

Wata uku ke nan Goggo, yayar Abba, ta sa ni a gaba da maganar ɗan ƙawarta, wani ma'aikacin banki mai buga ƙwallon lambu, wasan nan na masu hali da ake kira golf. Kullum sai ta turo min hotonsa cikin farar riga da farar hula, ya jingina da sandar ƙarfe a kan ciyawa. Abba bai goyi bayanta ba, bai kuma hana ta ba. Ya dai kira ni ya ce shi ba zai zaɓa min miji ba, amma in ina da wanda nake so in kawo shi ya gani, in ya kwanta masa sai ya turo magabatansa. Kowa a gidanmu ya san Abba sau ɗaya yake kallon mutum. Wanda ya ce wa a'a bai taɓa dawowa ya samu e ba.

Ana nan wata ranar Laraba na dawo aiki na same shi a gaban talabijin, an hasko damben keji. Wani ya kayar da abokin karawarsa ya hau ruwan cikinsa yana ta kirɓa. Abba ya ja tsaki ya sauya tasha. Ya ce shi a duniyar wasa ya yarda da dambe, ya yarda da kokawa, amma wasan da za a bi mutum ƙasa a ci gaba da dukansa ba wasa ba ne, rashin tarbiyya ne aka yi wa rajista. Ya ce duk uban da ya ɗauki 'yarsa ya ba mai irin wannan hannu ya shirya zaryar asibiti. Yana rufe baki ya juyo gare ni.

"Auta, shi yaron naki wane wasa kika ce yana yi?"

"Gudu yake yi, Abba. Na dogon zango."

Wallahi ban shirya ta ba, fitowa ta yi kawai. Da Abba ya ce to ya juya, wataƙila da na gyara washegari. Amma fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun ranar da yayana ya gama makaranta. Ya ƙwala wa Umma kira yana cewa ashe Auta ta iya zaɓe, mai gudun dogon zango mutum ne mai haƙuri, ba ya cin amanar hanya. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina murmushin dole.

Daga nan sai ƙarya ta fara neman 'yan uwanta. Mai Kafaɗa ba ya gudu a titi saboda tsohon ciwon gwiwa, tsallen igiya yake da keke, horonsa kuma ƙafa ba takalmi a kan katifar roba. Takalmansa duka silifas ne da wani sau-ciki na fata. Na san Abba zai juya duk abin da aka cire a ƙofarsa, kuma sabon takalmi zai fi komai tona asiri. Sai wayona ya ba ni in nemo wanda ya ci hanya. Mijin abokiyar aikina yana gudu kullum da asuba, na roƙe ta ta aro min nasa, shuɗi mai ratsin ruwan toka, na wanke igiyar na goge shi tas. Ina gogewa ina yaba wa kaina basira.

Ranar Juma'a na ba mai babur ya kai masa a leda, na bi shi da saƙo.

"Don Allah gobe ka sa wannan. Abba yana son ganin takalmin gudu."

Ya amsa bayan minti biyu. "Na wa ne? Ya ɗan yi min yawa."

"Na aro ne. Ka ɗaure igiyar sosai. Kuma ka sa hular nan taka ta saƙa, mai saukowa."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can sai ga shi: "Hular da ke rufe kunne?"

Na tura masa hoton fuska mai dariya da na hannuwa biyu na roƙo. Bai mayar da dariyar ba. Ya ce to, tunda ni na san mahaifina, zai yi yadda na ce. Ban faɗa masa na riga na mayar da shi ɗan gudu ba. Na ce a raina zan zauna a wurin, duk tambayar da ta taso in tare ta kafin ta kai gare shi.

Asabar tun hantsi Umma ta sa aka ɗage labulayen falo aka sa masu ruwan zuma, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai baƙon kunya. Na sauya kaya sau uku kafin na tsaya a kan doguwar riga ruwan ganye da mayafi mai duhu, don ita ce ba ta nuna gumi. Abba ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu, ya ɗauko tsohon agogon auna gudunsa daga durowa ya ajiye a kan tebur, wai zai nuna wa baƙo. Kamar abin bai isa ba, sai ga Goggo ta sauka daga tasi da la'asar sakaliya, ta ce wucewa take ta biyo gaisuwa. Gidanta da namu tafiyar awa guda ce, babu wani wucewa.

Ƙarfe biyar saura kwata Mai Kafaɗa ya buga ƙofa. Abba da kansa ya tashi ya tsaya a bakin baranda, ya harɗe hannuwa a baya yana kallonsa tun daga ƙofar gida har ya iso. Ni a lokacin na ɗauka karramawa ce. Mai Kafaɗa ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwance igiyar takalmin ya jera su gefen tabarmar ƙofa, ya shiga. Abba ya ce mu je yana zuwa. Ta gefen labule na hango shi ya sunkuya. Ya juya na dama, ya juya na hagu, ya zura yatsa ciki ya shafa, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Da ya shigo fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Aka gaisa, na zuba shayi. Goggo ba ta bari shayin ya huce ba ta jawo zancen ɗan ƙawarta, wai jiya ma ya ciyo kofi a ƙwallon lambu, wasan manyan mutane, ba gumi ba ƙura. Ta dubi hular Mai Kafaɗa ta tambaya ko mura yake yi da wannan zafi. Ya yi murmushi ya ce lafiyarsa ƙalau, Goggo.

Abba ya kurɓi shayi ya ce shi ƙwallon lambu bai taɓa burge shi ba, yawo ne da sanda mai tsada, mutum ya buga ƙwallo da kansa ya bi ta yana nema da kansa. Amma abu guda ya sa yake cire wa wasan hula. A can babu alƙalin da ke bin ka rami rami, kai ke ƙirga bugunka. In sandarka ta taɓa ƙwallo a cikin ciyawa ba wanda ya gani, kai za ka ɗaga hannu ka ce a rubuta maka laifi. Ya ce ya ga wanda ya rasa kofi a kan haka, kuma har gobe yana ganin girman mutumin. Yana maganar yana kallon kofinsa, amma ni na ji gumi yana bin bayana.

Sai ya ɗauki agogon nan ya juya shi a tafin hannu, ya dubi baƙonsa.

"Auta ta ce min kai ɗan gudun dogon zango ne. Kilomita goma a minti nawa kake gamawa?"

Na buɗe baki zan tare, Abba ya ɗaga min yatsa ɗaya ba tare da ya dube ni ba. Mai Kafaɗa ya juyo ya kalle ni. Ba kallon fushi ba ne, da shi ne da ya fi min sauƙi. Kallon mutumin da ya gama haɗa lissafin leda da hula da roƙon jiya ne a lokaci guda. Na roƙe shi da ido ya faɗi kowace lamba, arba'in, hamsin, duk wadda ta zo bakinsa.

Ya ajiye kofin a hankali. Ya sa hannu ya cire hular ya ɗora a gwiwarsa.

"Baba, ni ba na gudu. Damben keji nake yi, shekara tara ke nan. Da shi nake ci, da shi nake riƙe mahaifiyata."

Goggo ta dafe ƙirji ta fara salati ƙasa ƙasa. Umma da ke tsaye a ƙofar kicin ta koma ciki. Abba ya daɗe yana kallon kunnuwan nan, sannan ya ce ai ya sani tun daga baranda cewa takalmin ba nasa ba ne. Mai takalmin a kan dunduniya yake sauka, ya cinye gefen waje na ƙafar dama, kuma babban yatsansa ya yi gurbi a inda na baƙon ba zai kai ba. Shi kuwa wanda ya shigo gidan yanzu a kan tsinin ƙafa yake tafiya, dunduniyarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Ya ce abin da bai sani ba shi ne ko za a faɗa masa gaskiya ko za a ba shi lamba.

Daga nan ya koma kan wasan kansa, bai rage komai ba. Ya tambaye shi yadda mutum mai hankali zai bi ɗan uwansa ƙasa yana duka. Mai Kafaɗa bai ɗaga murya ba. Ya ce a keji wanda ke ƙasa yana da abin da ɗan dambe ba shi da shi: in ya ji ya isa, sau biyu zai bubbuga hannu a jikin abokin karawarsa, a take a sake shi, ba wanda zai kira shi rago. Ya ce shi kansa ya bubbuga sau huɗu a rayuwarsa, an kuma bubbuga masa sau goma sha ɗaya, bai taɓa ƙara daƙiƙa ɗaya a kan wanda ya sallama ba. Abba ya ce wannan bai sa wasan ya zama wasa a idonsa ba. Mai Kafaɗa ya ce ya sani, bai zo don ya sauya masa ra'ayi ba.

Na fara jin numfashina yana dawowa, don na san Abba, in yana musu da mutum to bai rufe masa ƙofa ba. Ashe ba a zo wurin ba tukuna.

"Saura tambaya ɗaya. Wa ya aro takalmin?"

Mai Kafaɗa ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ya sa su a ƙafarsa, don haka laifin nasa ne. Abba ya ce ba wanda ya sa ya tambaya ba, wanda ya aro. Na ga mutumin nan ya ƙudura ba zai ambace ni ba ko za a kwana ana tambaya, kuma na ga Abba ya san amsar, jira kawai yake ya ga ko zan ɗaga hannu.

"Ni ce, Abba," na ce. "Bai san na ce maka yana gudu ba. Ni na aro, ni na ce ya rufe kunnensa."

Goggo ta gyara zama za ta fara, Abba ya ce, "Yaya, don Allah," ta yi shiru. Bai yi min faɗa ba, bai ma dube ni ba, kuma wannan ya fi mari ciwo. Ya juya ga Mai Kafaɗa ya yi magana a hankali, yadda yake yi wa ɗalibi kafin tsere.

"Sana'arka ba na son ta, kuma ba na jin zan so ta. Amma na tambaye ka ka faɗa min gaskiya alhali ƙarya ta fi maka sauƙi, don haka ban hana ka turo manyanka ba. Sai dai ba yanzu ba. Kai ma yau ka ga wani abu. Yarinyar da kake nema ta dubi ubanta ta shirya masa magana, ta dube ka ta ga sai an rufe wani sashe naka kafin a nuna ka. 'Yata ce, ina son ta, amma ba zan ɓoye maka abin da ka gani da idonka ba. Ka je ka yi mako guda kana tunani. In har yanzu kana so, ka dawo."

Na zata ni zan yi mako ina roƙon Abba a kansa. Ban taɓa kawowa a raina cewa shi za a ba mako ya yi tunani a kaina ba.

Ya yi godiya, ya gaishe da Goggo, ya leƙa kicin ya yi wa Umma sallama. A ƙofa ya tsaya ya dubi takalman, ya ɗauke su ya jera min a gefen bango, ya ce in mayar wa mai su da godiya. Abba ya tura masa silifas ɗin alwalarsa, ya zura ya fita. Na bi shi har ƙofar gida ina kiran sunansa, ya juyo ya ce in koma ciki Abba yana zaune yana jira, za mu yi magana. Ya hau kekensa ya tafi, hular tana aljihunsa.

Goggo ba ta ko ƙarasa shayinta ba ta tafi, abin mamaki ba ta sake ambaton mai farar hula ba. Umma ta same ni a ɗaki ta ce in bar kukan haka, wanda ya ɗaure kansa ba ya cewa igiya ta yi tsauri. Abba kuwa ya mayar da agogonsa durowa. Ina gaishe shi yana amsawa, ina kai masa shayi yana karɓa, amma ya daina kirana in zo in ga an ci ƙwallo.

Lahadi na tura wa Mai Kafaɗa saƙo uku na ban haƙuri, dogaye, har da wanda na yi da murya ina shessheƙa. Ya buɗe duka bai amsa ba. Litinin shiru. Yau Talata ina tsakiyar miƙar da gwiwar wata tsohuwa na ji wayata ta yi motsi a aljihu. Na daure na gama, na shige ɗakin ajiye kaya na rufe ƙofa na duba.

"Na ji haƙurinki, kuma ban riƙe ki ba. Abu ɗaya nake so ki faɗa min kafin Asabar, kada ki yi sauri. Ranar da kika ce in rufe kunnena, tsoron Abba kika ji, ko kunyata kika ji?"

Nan take na rubuta masa cewa tsoron Abba ne, me zai sa in ji kunyarsa. Yatsana yana kan turawa sai na tuna bikin abokiyar aikina wata biyu da suka wuce, inda babu Abba ko a kusa, na ce masa ya jira ni a mota ba zan daɗe ba. Na tuna hotonmu guda ɗaya da na taɓa nuna wa ƙawayena, wanda na yanke shi daidai gefen fuskarsa.

Na goge abin da na rubuta. Awa shida ke nan saƙon yana buɗe a hannuna, yana gani na karanta, kuma wannan karon ba ni da amsar da zan aro a wurin kowa.